Daga baturi zuwa injin gilo: yadda aikin Cub ɗina ke tafiya

3 ga Nuwamba, 2024

Baturin ƙarshe da ya rage mini ya kumbura har ba ya shiga gurbinsa. To, jinkiri ya ƙare. Zan cire injin baturin da ke hancin ƙaramin jirgin saman nan nawa mai rimot in ɗora masa injin mai, irin wanda ake kira gilo, kuma zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya saboda masu irin wannan sha'awa a ƙasarmu, ko da ba mu da yawa.

Jirgin kwaikwayon Piper J-3 Cub ne, ɗan rawayan nan mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wanda aka ƙera a Amurka daga 1938 zuwa 1947, kusan guda 20,000. Faɗin fukafukan na gaske mita 10.7 ne. Nawa kashi ɗaya cikin shida ne, wato kusan mita 1.8 daga wannan baki zuwa wancan. Jikinsa balsa ne, wato wani katako marar nauyi, da siririn katako mai ninki, an lulluɓe shi da ledar da ake mannawa da dutsen guga. Tun daga masana'anta don baturi aka yi shi, kuma da baturin litiyom da ake kira LiPo, mai gida huɗu, yake tashi.

Baturin LiPo ba ya shiri da zafin Maradi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ko a inuwa, ɗakin kwano kaɗai ya isa ya tsufar da shi. Yana son a ajiye kowane gida a kan bolt 3.8, ba cike ba, ba fanko ba, sannan ranar tashi a cika shi, kuma ranar ce sau da yawa ba kuran. In ya mutu, sabon daga nesa zai zo, ga shi kamfanonin jiragen sama suna tsaurara ɗaukar kayan litiyom. Wannan dalilin aljihu ne. Akwai na zuci kuma. Cub na gaske injin Continental ne a hancinsa, mai ƙarfin doki 65, kawunan silindarsa a waje suna shan iska, kowa na gani. Duk lokacin da nawa ya wuce ta gabana shiru, da robobin da aka yi wa siffar silinda, sai in ji rabin jirgin ne kawai ya zo.

11 ga Nuwamba

Injin ya iso. Wana da ke Kano ya samo shi na hannu, ya aiko ta wurin wani direba mai bin hanyar Jibiya da Ɗan Isa. O.S. 46AX ne, ƙirar kamfanin Japan ɗin nan da Shigeo Ogawa ya kafa a Osaka a 1936. Girman cikinsa kusan sisi (cc) 7.5, silinda guda, bugu biyu irin na ƙananan babura. Da salansarsa ya doshi rabin kilo.

Na kai shi wurin mai gyaran babur na unguwarmu don mu buɗe tare. Ya juya shi a tafin hannu, ya duba ta ko'ina, ya ce, "Malam, ina wayar bujin? Ina kwal ɗin wuta?" Babu su, kuma nan ne daɗin injin yake. Bujinsa ba ya tartsatsi. A cikinsa akwai ƴar siririyar waya naɗaɗɗiya ta ƙarfen filatinom. Lokacin tayarwa sai a jona mata baturi mai bolt 1.5 ko abin da ya yi kusa, ta yi ja kamar garwashi. Da injin ya kama sai a cire baturin. Daga nan tururin metanol, wanda shi ne mansa, in ya taɓa filatinom mai zafi yana ƙara zafafa shi, ga kuma zafin fashewar da ta gabata, sai wayar ta zauna ja muddin mai na shigowa. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da irin wannan buji ga masu ƙananan jirage a ƙarshen shekarun 1940, ya sauke musu nauyin kwal da baturin wuta, kuma har yau tsarin bai canja ba.

Fistan lafiya lau, in an juya yana ɗan cijewa a can sama, kuma haka ake so a irin wannan inji da ba shi da zobe. Amma boris ɗin baya ya yi tsatsa, kana juyawa kana jin tsakuwa. Ragowar mai da aka bari a ciki ne, domin metanol yana jan laima. Mai gyara ya ɗumama gidan aluminiyon a hankali har boris ɗin ya faɗo da kansa, bai doke shi da guduma ba, na kuma yaba masa da wannan. Mun ɗauki awo, ya ce zai nemo sababbi.

17 ga Nuwamba

Na kwance hancin gaba ɗaya na auna komai a sikelin kicin. Abin da ya fita, inji da na'urar sarrafa gudunsa da baturi, giram 750. Abin da zai shiga, inji da mazauninsa da tanki fanko da ƙarin sarbo (ƴar na'urar da ke motsa sassan jirgi bisa umarnin rimot) da baturin risiba (mai karɓar saƙon rimot), ya ɗan haura haka kaɗan. Ba a jimillar matsalar take ba, a wurin zaman nauyin take. Baturin dā a ƙarƙashin gilashin gaba yake kwance, kusa da fiffike. Yanzu rabin kilo zai koma can ƙarshen hanci.

Abin da ya fi damuna shi ne bangon da ake ɗaure inji a jikinsa. Wanda ke nan akwati ne na katako mai kaurin milimita 3, an fafe shi ramuka-ramuka don rage nauyi. Ga injin baturi ya isa, domin shi juyawa kawai yake yi sumul. Injin gilo kuwa fashewa yake yi sau ɗaya a kowane juyi, fiye da sau 10,000 a minti, kuma kowace fashewa duka ce a jikin katako. Akwatin nan ba zai kai mako ba. Na yanke shi na jefar. Yau na gane cewa ɗora injin shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne sake gina jirgin ya iya ɗaukar duka da maiƙo.

Kafintan da ke kusa da babbar kasuwa ya ba ni guntayen katako mai ninki, na zaɓi waɗanda ba su da rami a tsakani, na haɗa biyu da gam ɗin Araldite mai jinkirin bushewa, suka ba ni kaurin milimita 6. Na zaunar da sabon bangon baya kaɗan, yadda farfela za ta fito daidai bakin murfin hanci kamar dā. Kowace kusurwa na cika ta da sandar katako mai kusurwa uku, gefe da gefe kuma na ƙara ninki daga bangon har zuwa mazaunin fiffike. Bangon ba miƙe yake ba: na karkatar da shi digiri 2 zuwa dama, digiri 2 zuwa ƙasa. Farfela in ka tsaya bayan jirgi tana juyawa ne yadda hannun agogo ke yi, sai ta riƙa jan jirgin hagu, Cub kuma da fiffikensa a sama yana son ɗaga kai in an ba shi wuta.

A kwance zan ɗaure injin, kansa ya leƙo ta gefen dama na murfin, inda silindar jirgin gaske take. Wasu kan kife shi don ya ɓoye, amma kifaffen inji mai yana taruwa a bujinsa ya kashe garwashin. A kwance kuma salansa na faɗowa ƙarƙashin ciki, maiƙo ya tafi ƙasa.

24 ga Nuwamba

Na tsinka gam mai haɗi biyu da ɗan alkol, na shafe bangon, ɗakin tanki, mazaunin ƙafafu, da duk bakin da leda ta ƙare a hanci. Balsa in ta sha mai ba gam ɗin da zai ƙara kama ta. Sai da na haska da fitila na tabbatar ba sauran farin katako. Sababbin boris sun shiga.

8 ga Disamba

Maganar mai, wadda ita ce za ta nuna ko aikin nan na da amfani a Maradi ko babu.

Man da ake sayarwa a kwalba a ƙasashen waje haɗin abu uku ne: metanol, man shafawa kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, da nitirometan kashi 5 zuwa 15. Na ukun nan ban neme shi ba kuma ba zan nema ba. Sinadari ne da ake iya karkatarwa ga abin da ba shi da kyau, kuma a halin tsaron da muke ciki ba kayan da mutumin kirki zai je yana tambaya a kan iyaka ba ne. Alhamdu lillahi, ba dole ba ne. Akwai tsohon haɗin da ake gasar duniya da shi a wasu rukunoni: metanol kashi 80, man zurma kashi 20. Ƙarfi na ɗan raguwa, silo na ƙara wuya, amma inji na tashi, kuma Cub ba jirgin tsere ba ne.

Metanol daga wurin masu sayar da sinadaran masana'antu a Kano aka kawo mini, jarka a rufe. Alkol ɗin farmasi ba zai yi ba. Shi etanol ne, ga ruwa a ciki, filatinom kuma ba ya jin sa yadda yake jin metanol. Man zurma kuwa a farmasi na saya. Zurma tana nan ta fito da kanta a bakin gulbi da bayan gidaje, na kuma yi tunanin matsar nata, amma ɗanyen man yana da danƙo da ruwa, ƴaƴan kuma guba ne. Na bar wannan.

Mai gyaran babur bai yarda ba. Ya ce, "Malam, ga man bugu biyu nan da ƴan kabu-kabu suka yi shekaru suna zubawa, me zai kai ka farmasi?" Na ce masa mu gwada. Muka zuba a kwalba biyu muka girgiza. Man zurma ya narke cikin metanol tas, ya zama ruwa guda. Na babur kuwa, wanda daga fetur aka tace shi, muna ajiyewa ya ware ya kwanta a ƙasa. Ya daɗe yana kallon kwalbar. Inji da aka ba wannan haɗi metanol zalla zai sha, ya ƙone cikin minti. Man zurma yana da wata fa'ida kuma da ta dace da mu: in inji ya yi zafi fiye da kima ba ya gudu daga jikin ƙarfe, kauri yake ƙarawa ya tsaya. Kuɗinsa shi ne ƙazanta, domin yawancinsa ba ya ƙonewa, ta salansa yake fita ya shafe cikin jirgi.

Abu biyu nake roƙon duk mai bin sawuna ya riƙe. Metanol guba ne, kaɗan in an sha yana makantarwa ko ya kashe, kuma kamanninsa ruwa ne sak. Kada a zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo. Nawa yana cikin akwati mai kwaɗo, na yi masa jan rubutu, yaran gida duk na tara su na gaya musu. Na biyu, wutarsa kusan ba a ganinta da rana. Bokitin yashi yana gefena duk lokacin da na buɗe jarkar.

15 ga Disamba

Tanki mai sisi 270 ya zauna inda baturi yake a dā. Inji irin wannan in an buɗe masa wuta duka yana shan abin da ya kusa sisi 30 a minti, domin metanol sai an ba shi ninki biyu da wani abu na abin da za a ba fetur a iska guda. Wato minti tara ko goma ke nan, fiye da haka in ana tafiya rabin wuta.

Tsakiyar tankin dole ta yi daidai da allurar karbureta, wadda ke daidaita yawan man da ke shiga inji, ko ta ɗan gaza kaɗan. In ya hau, mai ya malalo ya cika inji. In ya sauka da yawa, injin ya yi ta ja har ya gaji. Sai da na sassaƙe wani haƙarƙari kafin ya zauna inda nake so. Tiyo uku ne, duka na silikon: na shan mai, mai ɗan ƙarfe a bakinsa da ke bin mai duk inda jirgi ya karkata, na iska daga salansa wanda ke matsa man gaba, da na cikawa. Tiyon silikon ba ya son fetur, kumbura yake yi, don haka ko wanke shi ba a yi da shi.

Na'urar sarrafa gudun injin baturi ita ke ba risiba da sarbobi wuta a dā. Tunda ta fita, na sa baturin NiMH mai gida huɗu, bolt 4.8, da makunni. Shi wannan yana jure zafi, ba ya kumbura. Sarbon wuta na haɗa shi da karbureta da sandar roba, don kada ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe. A rimot na tsara cewa in saƙo ya yanke, wuta ta mutu nan take.

Farfelar dā ta tafi ajiya. Ta baturi siririya ce, ba a yi gindinta don dukan fistan ba, tana iya jefar da reshe. Na sa 12x5 mai kauri.

29 ga Disamba

Ya tashi.

Da sassafe na fara, sanyin hunturu na cizo, man zurma ya yi kauri a tiyo. Ɗan wana na riƙe da wutsiya, mun kuma ɗaure ta da igiya a turke. Na buɗe allura juyi biyu, na toshe bakin karbureta na juya har mai ya iso, na jona buji, na buga farfela da sanda mai roba, ba da yatsa ba. Sai ya yi tari ya mutu, ya sake tari ya mutu. In baturi na jone yana gudu, ina cirewa sai ya lafa. Wannan alama ce a fili: bujin lamba 8 da ya zo da shi bai isa zafi ba ga man da ba nitiro, balle a wannan sanyi. Cikin kayan da wana ya haɗo akwai lamba 6, wanda ya fi zafi. Ina sa shi, hantsi kuma ya ɗaga, sai injin ya kama ya riƙe.

Yaron ya ɗaga murya cikin ƙarar, "Baba, hayaƙi yake yi!" Na ce masa haka ake so, hayaƙin nan shi ne shaidar mai na isa ko'ina. Na riƙa rufe allura kaɗan-kaɗan har muryar ta tashi daga gurnani ta zama siririya, sannan na mayar baya kaɗan. Inji a sama ƙarancin mai yake fuskanta, ba yawa ba. Na matse tiyo da yatsa: ya ɗan ƙara gudu sannan ya fara mutuwa, daidai ke nan. Ƙamshin ƙonannen man zurma ya cika tsakar gida, maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Na daɗe ban yi farin ciki irin na yau ba.

12 ga Janairu, 2025

Makonnin nan a ƙasa na yi ta gudanar da shi, ina neman abin da girgiza za ta kwance. Gara ya kwance a tsakar gida. Ta kuwa nuna: sukurorin murfin hanci biyu sun fita, maƙalar reshen wutsiya ɗaya ta fara zamewa, kuma in an ba da wuta duka sai kumfa ta cika tiyo, man cikin tanki ya koma kamar nonon da ake kaɗawa, injin ya yi ta sarƙewa. Na daidaita nauyin rassan farfela da samfefa, na naɗe tankin da soso ta kowane gefe yadda bai taɓa katako ba, kumfa ta ɗauke. Risiba da baturi su ma na naɗe su. Maƙalan wutsiya na soke su da tsinke na sa gam, sukurorin ƙarfe duka na ɗiga musu gam ɗin zare.

Ƙura kuma. Injin gilo bakinsa a buɗe yake zuwa, ba abin tace iska, mu kuwa a wannan wata iskar kanta yashi ce. Fistan marar zobe in ƙura ta ci shi ya gama. Na yanka siririn soso na jiƙa shi da man zurma, na ɗaure a bakin karbureta. Ya ɗan rage iska, na sake gyara allura.

Daga nan daidaiton nauyi. Ana auna shi tanki fanko, domin tankin a gaba yake, kuma fanko jirgi zai sauko. Hanci ya rinjaya, yadda na zata. Maimakon in sa darma a wutsiya, na mayar da baturin risiba can bayan kujera, sai ya tsaya a yatsuna a wurin da takardar jirgin ta nuna, kaɗan bayan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fiffike.

21 ga Janairu

Fili ya samu, wani fako a gefen gonar gero da aka girbe, bayan Tibiri, nesa da filin jirgin sama da gidajen mutane. Na je da mai gonar wurin mai gari, na kuma kai jirgin gaban jami'an tsaro suka gani da idonsu, suka duba ba kyamara, na gaya musu rana da lokaci. A wannan zamani abin da ke tashi yana ƙara ba a fito da shi ba sallama. Mun share ƙarangiya da kututturen kara.

2 ga Fabrairu

Mun isa bayan asuba, kafin iskar gabas ta taso. Na gwada nisan rimot inji na gudu, na ɗaga hancin jirgin sama na riƙe, muryar ba ta canja ba. Na cika tanki.

Na ba shi wuta a hankali. Wutsiya ta ɗaga, ya fara karkata hagu, na taɓa dama, bai ci rabin fakon ba ya rabu da ƙasa. Na sassauta zuwa rabin wuta ya ci gaba da hawa. Danna biyu na gyara a rimot zuwa ƙasa, ɗaya zuwa dama, ya miƙe. Ya fi dā ɗan nauyi, ana ganin haka a kwana, yana son a riƙe masa gudu. Amma da na kawo shi ƙasa-ƙasa ta gabanmu, rawaya cikin hazo, da siririn hayaƙi a bayansa da muryar inji tana tashi tana sauka da yatsana, na ga Cub ɗin da nake nema. Wani dattijo da ke kan amalanke ya tsayar da shanunsa har muka gama.

Saukar ta fi ta dā tsawo, domin injin baturi tsayawa yake yi cak, wannan kuwa ko a silo yana ɗan ja. Ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle ɗaya, ya zauna, inji bai mutu ba. Bayan minti takwas, saura kusan kashi ɗaya cikin uku na man tanki. Na duba bango da kusurwoyi, ba tsaga. Cikin jirgin kuwa maiƙo ne tun daga hanci har wutsiya, yashi ya manne a kai, har ya fara shiga maƙalar ƙafar baya. Na zuƙe sauran man, na tayar da injin ya ƙone abin da ke cikinsa, na ɗiga masa man shafawa saboda boris.

Aikin makon gobe: ƙara wa salansa ɗan tiyo ya kai maiƙon nesa da ciki, rage silo kaɗan ta ƙaramar allura, da sassaƙa silindar balsa a gefen hagu ta yi daidai da ta gasken da ke dama. Ina so in gama kafin azumi.